Daftarin da Aka Ajiye Tare da Goro

Ranar Litinin da hantsi sammacin ya iso ofishin Injiniya Ziblim a unguwar Choggu ta Tamale, kuma bai kai ƙarshen shafin ba ƙafarsa ta dama ta fara rawa a ƙarƙashin tebur. Haka ƙafar nan take tun yana makaranta. Fuska takan daure, murya ma takan daure, amma ita sai ta tona masa asiri.

Takardar ba ta da tsawo. Kotu ce ke umartarsa ya bayyana ranar Alhamis da ƙarfe tara, ya zo da duk wani daftari da hoto da lissafin da ya yi kafin ya rubuta rahotonsa na ƙarshe a kan benen da ya rufta a Lamashegu. Ya karanta sau uku, kamar a karo na uku kalmar daftari za ta ji kunya ta fice daga shafin. Tana nan inda take. Ya tashi, ya zauna, ya sake tashi. Ya ɗauki makullin babur ya fita, ya dawo ya ɗauki hular kwano, sai da ya kai bakin titi ya tuna ya bar sammacin a kan tebur.

Bari in faɗi yadda abin ya faro, don kada a ɗauka Ziblim maƙaryaci ne na gado. Ba haka yake ba. Mutum ne mai gudun rigima, kuma irin wannan mutumin rigima ta fi so.

Wata takwas da suka wuce, wata Juma'a ana cikin masallaci, barandar saman wani bene mai shaguna shida ta zubo ƙasa gaba ɗaya. Allah ya taƙaita, ba wanda ya mutu, babura biyu ne suka tafi da rumfar wata mai sayar da wake da shinkafa. Mai benen, Alhaji Abdul-Wahab dillalin kaɗanya, ya kai maginin ƙara. Maginin kuwa Baba Imoru ne, tsohon da ya shekara arba'in yana ɗora bulo a garin nan ba a taɓa cewa katangarsa ta karkace ba. Lauyar Alhaji, Madam Akua, ita ta ɗauko Ziblim ya duba ɓaraguzan ya rubuta wa kotu abin da ya kayar da ginin.

Abu biyu ya gano. Na farko, rodin da aka sa a cikin kankaren bai kai kaurin da zane ya ce ba. Na biyu kuwa, a kan manyan gutsattsarin barandar ya ga tabo uku kewayayyu, irin wanda gindin tankin ruwa yake bari in ya daɗe a wuri, ga guntayen bututu a gefe. Tankunan roba uku, kowanne lita dubu biyar. Alhaji ne ya ɗora su bayan magini ya gama aikinsa ya tafi. Wanda ya zauna a Tamale ya san dalili: famfo yakan yi mako biyu ba ya ba da komai sai iska. Alhaji yakan sa motar ruwa ta cika tankunan, matan unguwa su zo su ɗiba kyauta. Shi ya sa da aka zo neman shaida, duk layin ya makance. Ba wanda ya taɓa ganin tanki, har wadda take zuwa da jarka huɗu.

A daftarinsa na farko Ziblim ya rubuta duka biyun. Sakin layi na tara ya ce, da ba a ɗora ruwan nan ba, da barandar tana tsaye har yau da rodinta sirara, kuma ko da rodin ya cika ba za ta ɗauki wannan nauyi ba. Madam Akua ta karanta, ta cire tabarau, ta ce tambayar da aka yi masa guda ce: shin an bi zane ko ba a bi ba? Ita zai amsa. Ziblim ya yi ɗan musu na minti biyar, sannan ya cire sakin layi na tara da hotunansa. Bai rubuta ƙarya ko ɗaya ba. Rabin gaskiya ya rubuta, ya sa hannu, ya buga hatimi. Bayan mako guda aka kwashe ɓaraguzan aka cike wani kwazazzabo da su, tabon tankuna bai rage ko'ina ba sai cikin wannan daftari.

To shi ne yanzu Lauya Selorm, mai kare Baba Imoru, yake so ya gani. Bai san abin da ke ciki ba. Hanci ne kawai irin na lauya, ya ji rahoton ya cika tsafta.

Ofishin Madam Akua yana saman wani kantin magani, fanka biyu suna ta fama da zafin watan Maris ba sa cin nasara. Ita ’yar kudu ce, a gefen zangon Kumasi ta tashi, Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, amma ba ta taɓa ɓatar da ma'ana.

"Zauna, Injiniya," ta ce. "Ƙafan ka yana girgiza min tebur."

Ya dafe gwiwarsa da hannu. "Madam, sun ce in kawo daftari."

"Na gani. Sun aiko min nawa. Ka kwantar da hankali, wannan takarda ba zai fita ba." Ta jawo fayil. "Abin da ka rubuta wa lauya saboda shari'a, doka ya rufe shi. Selorm zai iya tambayan ka kan rahoto na ƙarshe daga safe har yamma, wannan haƙƙin shi ne. Amma daftari namu ne. Baƙo yana cin abin da aka zuba mashi a kwano, ba ya shiga kicin ya buɗe tukunya. Ran Alhamis ka zo da shi cikin ambulan a rufe, ni zan tashi in ce kotu kada ya buɗe."

Ziblim ya gyara zama. "Shi ke nan?"

"Sharaɗi ɗaya ne. Sirri sai ya zauna sirri. In ya fita daga tsakanin ni da kai da Alhaji ya shiga hannun wani, musamman wancan ɓangare, kariya ya tafi." Ta turo masa takarda mai shafi ɗaya. "Wannan rantsuwa ne. Ka karanta a gida, ran Alhamis da safe ka rantse ka sa hannu kafin mu shiga. Ya ce ba wanda ya ga daftarin sai mu uku. Wani ya gani?"

"A'a," in ji Ziblim.

Da sauri ya faɗa, tun kafin ta rufe baki. Ita kuwa tana neman biro a cikin jaka, ba ta dube shi ba.

Wani ya gani. Ba gani kaɗai ba, kwafinsa yana hannunsa.

Baba Imoru abokin mahaifin Ziblim ne, tare suka yi ƙuruciya. Shi ya ɗora bulon gidansu na Gurugu, yana wurin ranar da aka raɗa wa Ziblim suna, yana cikin waɗanda suka saka mahaifinsa a kabari. Madam Akua ta san da sanayya, ta ce a Tamale in za a nemi injiniyan da bai san maginin ba sai a bar garin a je Bolga. Abin da ba ta sani ba shi ne abin da sanayyar take ɗora wa mutum. A nan ba a tashi a faɗi laifin babba a gaban jama'a ba tare da an fara zuwa ƙofarsa an tsuguna an gaya masa ba. Ko daidai ne maganarka, in ya fara jin ta a bakin duniya, kai ne marar tarbiyya.

Saboda haka ranar da ya gama daftarin farko, tun kafin ya kai wa lauya, Ziblim ya biya shagon Alhaji ya nemi izini, don ba a zuwa gidan abokin shari'ar mutum a bayan idonsa. Alhaji bai karanta komai ba tukuna, ya ɗauka takardar ta gama da magini. Ya ce, "Haka ya kamata. Je ka gaishe shi, ka karanta masa duk abin da ka gani, kada ya ce an yi masa ba-zata." Har goro ya ƙulla masa a ganye ya ce a kai wa tsoho.

Ziblim ya je. Ya tsuguna, ya ajiye goron a kan tabarma, ya karanta daftarin shafi-shafi yana juya shi zuwa Dagbanci, yaren garin, har da sakin layi na tara. Da ya gama sai ya ajiye takardar kusa da goron don ya karɓi ruwan da aka miƙo masa. Nan kuskuren ya afku. Abin da ka ajiye a gaban babba tare da goro, da wane hannu za ka ɗauke? Ya yi sallama ya fito yana waiwayen takardarsa. A lokacin ma bai san akwai wata doka da ta damu da wannan ba, kankare ya karanta a makaranta ba shari'a ba.

Talata ta zo ta same shi kamar wanda ya zauna a kan tururuwa. Ya je duba wani gini a hanyar Kumbungu, ya auna ginshiƙi ɗaya sau uku, kowane awo da lambarsa daban. Ya tsaya cin tuwon zafi a inda ya saba, ya ci loma huɗu ya wanke hannu. Ya fito da takardar rantsuwa daga aljihu ya karanta a kan babur, ya mayar, ya sake fitowa da ita a bakin masallaci. Lissafin da yake yi bai da wuya, shi ya sa ya ƙi ƙarewa. In ya sa hannu, daftari ya zauna a rufe, tsoho ya ɗauki laifin shi kaɗai, sunan da ya gina shekara arba'in ya tafi. In ya faɗi gaskiya, za a buɗe, a karanta sakin layi na tara, a tambaye shi a gaban alƙali ina ya tafi da shi. Injiniyan da aka kama ya yanke rahotonsa don daɗin wanda ya ɗauke shi, wa zai sake yarda da hatiminsa?

Kuma akwai tsoro na uku, wanda ya fi hana shi zama. In ya rantse, sai Selorm ya zaro kwafin daga jaka fa? Wataƙila tarko ne duk sammacin.

Da la'asar matarsa Adizatu tana tsince shinkafa a tsakar gida, ta ga ya zagaya bishiyar mangwaro karo na biyar.

"Baban Basit, in ƙasa kake aunawa, an riga an auna ta kafin mu saya."

"Aiki ne."

"Aikin Baba Imoru?" Ba ta ɗago ba. "Jiya na ga ’yarsa a kasuwar Aboabo. Ta gaishe ni har ƙasa, ta tambayi yara. Ni ce na rasa inda zan sa idona."

Ya shiga ɗaki, ya fito, ya tambaye ta ko ta ga makullin babur, alhali yana hannunsa.

Laraba da safe ya kama hanyar Lamashegu. Ya ce wa kansa gaisuwa za shi, amma ya san abin da za shi nema. Ya ratsa tsakanin yalo-yalo masu ƙafa uku da babura, ya wuce ta gaban benen Alhaji. An gyara barandar, an shafa mata sabon fenti, tankunan kuma yanzu suna ƙasa a kan dakali, mata sun jera jarkoki.

Ya sami tsohon a ƙofar gida a ƙarƙashin darbejiya, yana gyara wa maƙwabciya murhu da ragowar siminti. Mutumin da ya gina masallatai, yau murhu. Ziblim ya ji kunya ta kama shi. Ya cire takalmi, ya tsuguna, suka yi gaisuwa mai tsawo, tsoho yana tambaya shi yana amsa "Naa, naa," har aka bi ta kan gida da yara da aiki da zafi.

Ƙafar Ziblim tana rawa ko a tsugune.

"Baba, takardar nan da na taɓa kawowa..."

"Tana nan."

"Lauyanka ya gan ta?"

Baba Imoru ya goge cokalin gininsa a bakin bokiti, a hankali. "Yaron nan Selorm ya ce in kawo masa duk takardun da nake da su. Na kai masa nawa. Zanen gini, da takardar da muka yi da Alhaji." Ya miƙe da ƙyar ya shiga ciki. Da ya fito yana riƙe da wani abu naɗe a takardar buhun siminti, an ɗaure da zaren awo. Ya miƙa masa da hannu biyu. "Ga ajiyarka. Na san wata rana za ka zo."

Ziblim ya karɓa. Ya ji nauyin shafi goma sha ɗaya kamar bulo.

"Baba, ka san abin da ke ciki. Na karanta maka."

"Na sani. Tankuna."

"To me ya sa ba ka..."

"Gaisuwa ka zo," in ji tsohon. "Ka tsuguna a nan ka gaya mini abin da za ka iya ɓoyewa. In na ɗauki abin da ka kawo da ladabi na kai kotu na buge ka da shi, gobe wane yaro zai sake tsugunawa a ƙofar babba ya faɗa masa gaskiya? Na gaya wa lauyana akwai tankuna, da bakina, don wannan na ji a gari. Ya ce ina shaida. Na ce babu." Ya koma ya zauna a kan kujerarsa ’yar tsugune. "Kuma rodin nan, Ziblim, na ga sirantarsa ranar da aka sauke shi. Alhaji ya sayo. Na riƙe shi a hannu na san bai kai ba, na yi shiru don kada in kunyata mai gida a gaban leburori. Wannan nawa ne, zan ɗauka. Je ka yi aikinka."

Ya ci gaba da shafe murhunsa. Bai roƙi komai ba, bai ma yi alamar roƙo ba, kuma wannan ne ya fi ciwo.

Ziblim ya hau babur da ƙunshin a cikin riga. Ya kamata ya ji sanyi. Babu tarko, babu kwafi a hannun kowa, tsoho ba zai yi magana ba, Alhaji kuwa ko ya tuna da goron ba zai tuna wa kowa ba. Hanya ta buɗe fetal. Amma maimakon ya nufi Choggu sai ya tsinci kansa yana zagaya shataletale sau biyu, har wani mai yalo-yalo ya leƙo ya tambaye shi ko gidansu ke nan.

Alhamis tun ƙarfe takwas ya isa kotu, da ambulan a rufe a hannu, ƙunshin takardar siminti a cikin jaka. Ya zo da niyyar sa hannu. Gara in faɗa a fili, don kada a ba shi girman da bai zo da shi daga gida ba. Ya ce wa kansa yana da ’ya'ya uku, ya ce rahotonsa ba ƙarya ba ne, ya ce tsoho da kansa ya ce je ka yi aikinka.

Madam Akua ta tare shi a baranda, baƙar riga a kafaɗa, ta nuna masa ƙofar ɗakin da ake rantsuwa. "Minti biyar ne. Ka yi alwala? Za su ba ka Alƙur'ani."

Ya ce bari ya yi. Ya sami buta a bayan ginin, rabin ruwa a ciki. Yana wanke hannu sai ya hango Baba Imoru yana shigowa ta ƙofar harabar, da farar riga wadda aka goge da kyau, yana takawa a hankali. Babu yadda za a yi ya kauce. Ya ajiye butar, ya je ya tsuguna a kan tsakuwa a gaban lauyoyi da ’yan sanda. Tsohon ya tambayi kwanan Adizatu, ya tambayi Basit da tarin da yake yi, sannan ya dafa kansa ya ce, "Allah ya ba ka sa'ar abin da ka zo yi."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Da da habaici ne, da Ziblim ya sami abin riƙewa ya yi fushi ya shiga ya rantse.

Ya koma wurin butar ya ƙarasa alwalarsa, ya daɗe a kan ƙafar dama. Sannan ya hau baranda ya tsaya a gaban Madam Akua.

"Madam, ba zan iya rantsewa ba. Ranar Litinin na yi miki ƙarya."

Ta dube shi ta saman tabarau. Ya zaro ƙunshin ya kwance zaren, ya gaya mata komai, da tsuguno da goro da tabarma. Ta saurara ba ta katse shi ba.

"Ka karanta wa abokin shari'a daftari na," ta ce a hankali. "Da bakin ka. Ka fassara mashi ma, don kada wani abu ya wuce shi."

"Eh."

"Kuma ka bar mashi kwafi saboda goro." Ta rufe ido, ta buɗe. "To ji. Kariya ɗin ba naka ba ne, na Alhaji ne. Kai ba ka da iko ka zubar da shi. In ba da izinin shi ka je ba, har yanzu ina da abin faɗa."

"Shi ya ce in je in karanta masa duka. Shi ya ba da goron."

Ta juya ta dubi Alhaji Abdul-Wahab, wanda ke zaune a benci yana jan carbi. Ta je ta sunkuya ta yi masa tambaya. Daga inda yake Ziblim ya ga carbin ya tsaya. Alhaji ya buɗe hannuwa yana bayani, muryarsa ta ɗan tashi: "Ai gaisuwa ce, Madam. Gaisuwa na ce ya je." Amma bai musa ba. Dillali ne mai son nasara, sai dai shi ma ɗan garin nan ne, ba zai ce bai aika goro ba alhali ya aika.

Ta dawo tana ninke takardar rantsuwar gida huɗu. "Shekara goma sha biyu ina aiki a arewa," ta ce, "kullum sai kun koya min sabon hanya na faɗuwa shari'a. Da ka rantse, Selorm ya gano daga baya, da ni da kai duka mun tafi. Ban gode maka ba, amma ka ji." Ta saka takardar a jaka. "Ka san abin da zai yi maka a ciki?"

"Na sani."

"Ni ma zan amsa nawa. Mu shiga."

Ba a daɗe ba a ciki. Da aka kira ƙarar, Madam Akua ta tashi ta ce ta janye hujjarta ta neman a bar daftarin a rufe, ta faɗi dalili cikin jimla huɗu, ba ta ƙawata ba. Alƙalin, wani dattijo mai furfura a gira, ya ajiye biro ya sa ta maimaita. Ya ce kotu tana girmama al'ada, amma abin da mutum ya yarda a kai wa abokin shari'arsa har gida ya daina zama sirri a tsakaninsu, ko da goro aka kai shi ko babu. Ya ba da umarni a miƙa daftarin, da wanda ke cikin ambulan da wanda ya yi yawo.

Magatakarda ya karɓi ƙunshin, ya warware takardar simintin, ƙura ta ɗan zuba a kan teburinsa. Lauya Selorm ya karɓa yana juya shafuka da sauri, irin na mai neman abin da bai san kamarsa ba. A shafi na bakwai ya tsaya. Ya karanta, ya dubi hotunan tabo uku, ya sake karantawa. Sannan ya juya ga tsohon da ke zaune a bayansa, ya manta a kotu yake, ya yi magana da Hausarsa ta kasuwa har kowa ya ji.

"Baba, wata bakwai wannan takarda yana ɗakin ka? Wata bakwai ina neman shaida?"

Baba Imoru ya dube shi kamar an yi masa tambayar da ba ta da kai.

"Ba tawa ba ce," ya ce.

Alƙali ya buga tebur a yi shiru. Aka kira Injiniya Ziblim Usumanu ya shiga akwatin shaida. Ya ɗauki Alƙur'ani da alwalar da ya yi don wata rantsuwar, ya rantse zai faɗi gaskiya. Selorm ya gyara rigarsa, ya ɗaga daftari a hannun hagu, rahoton ƙarshe a hannun dama.

"Injiniya, a wannan akwai sakin layi na tara. A wannan babu. Ka gaya wa kotu ina ya tafi."

Tafinta ya fara juya tambayar zuwa Dagbanci don wanda ake ƙara ya ji. Ziblim ya dubi bencin da tsohon yake, ko zai ga murna a fuskarsa, don yau sunansa ya dawo. Bai ga fuskar ba. Baba Imoru ya sunkuyar da kai yana duban takalmansa, don kada ya kalli ɗan abokinsa ana tsare shi da tambaya a gaban mutane.